Rigar Sarkin Jirgi da Alluran Baba

Babana bai san ƙwallo ba, ba ya kuma son ya sani. A wurinsa, ƙarti ashirin da biyu su tuɓe wandon kirki su sa gajere su bi fata guda da gudu, magana ce da ya kamata iyayensu su zauna a kanta. Amma da tikitin ƙwallo ya shigo Doha. Lokacin gasar cin kofin duniya ita ce hanya mafi sauƙi ta kawo baƙo: ka sayi tikitin wasa, a ba shi katin shiga ƙasa. Na saya masa na wasan wasu ƙasashe biyu da ni kaina sai da na nemo su a taswira. Da na yi masa bayani a waya sai ya ce, "To, ni dai kada in zo a ce sai na buga."

Ni injiniya ne, aikina kula da na'urorin sanyaya dogayen gine-ginen West Bay, ina zaune da iyalina a unguwar Al Mirqab. Annobar korona ta tsare ni kusan shekara uku ban leƙa Zariya ba. Yau kulle, gobe an hana tashin jirgi, jibi in ka fita sai ka yi zaman keɓewa kafin ka koma aiki. Gaisuwa ta koma ta waya. Kullum na kira a bidiyo, Inna za ta kai wayar zaure, in ga Baba a kan tabarmarsa, riga a gwiwa, allura tana shiga tana fita. Maɗinkin hannu ne, aikin wuyan riga da hula, tun kafin a haife ni. Bai taɓa ɗago kai ya kalli wayar ba. Na ɗauka raina abin ya yi, don Baba gwani ne wajen raina kayan zamani.

Yayata ce ta ɓata min wannan kwanciyar hankalin. Ita ce babbarmu, ma'aikaciyar jinya ce, kuma in ta fara magana ba a samun wurin saka baki. Ta ce idon Baba ya samu matsala, likita ya ce hawan jinin ido ne, annoba ta sa an yi jinkirin kai shi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ta ce sau biyu yana faɗuwa a dakalin zaure. Na ce haba Yaya, mutumin da nake gani da idona yana ɗinki?

Ta ce, "Kai dai ka cika musu. To ga shi nan zai zo wurinka. Ka duba shi da kyau. In ka ga abin da na gani, kai za ka faɗa masa ya ajiye allura, don ni ya daina jin maganata. Makullin zaure yana hannuna, in ka ce in rufe, kafin ya dawo na rufe."

Na ce na ji, ina da tabbacin zan kunyata ta. Zauren nan shi ne duniyar Baba. A can yake karɓar gaisuwa, a can yake faɗa da abokansa, a can yake cin tuwo in Inna ta ɓata masa rai.

Kwana ukun farko Baba ya sake sosai. Ya yaba shinkafa, ya kushe shayin Larabawa, ya ce wa matata gidanmu ya fi asibiti sanyi. Bayan azahar yakan shige ɗaki ya turo ƙofa, mu ce barci yake. A rana ta huɗu sai ya canza. Ya yi kicin-kicin, ya zauna a kujera hannuwa a cinya, komai aka ce masa sai ya ce "to". Matata ta ce kewar Inna ce. Ni na ce rashin goro ne, na zagaya gari na samo masa, ya karɓa ya ajiye.

Na kuma shiga gwada shi a ɓoye, amma Baba ya fi ni wayo. In muka fita yakan dafa kafaɗata, wai saboda cunkoson 'yan ƙwallo. Na nuna masa dogon ginin da nake aiki na ce, "Baba, ka ga abin da ke samansa?" Ya ce, "Gini ne. Me kake so in gani a jikin gini?" Na miƙa masa takarda, ya ce rubutun Turawa ba ya cikin abin da ya zo yi. Kullum Yaya ta turo saƙo, "Yaya dai?" in mayar mata, "Ƙalau yake gani."

Ana haka, wata safiya a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib na yi kiciɓis da wani babban allon talla. Wani gidan tarihi ya kawo tufafi da kayan wasa na wani tsohon fim na 'yan sama jannati. Na tsaya na ƙura wa hoton ido, har wani mai ganga ya bangaje ni. Doguwar riga ce ruwan toka, wuyanta a tsaye har kunne. Ban taɓa kallon fim ɗin ba, amma rigar nan na san ta kamar tare muka tashi.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Baba ya sha labarinta. Yana saurayi aka kawo fim ɗin sinima marar rufi, labarin wasu mutane da suka shiga jirgi suka nufi wani tauraro. Baba bai ji Turancin ba, bai kuma damu da inda za su ba. Shugaban tafiyar, wanda samari suka laƙaba wa sarkin jirgi, shi ke sanye da rigar, kuma wuyan ne ya hana Baba sukuni. Sau bakwai ya koma kallo don ya gano abin da ya tsayar da shi. Da ya tashi kwaikwayonsa a rigar wani, ya fara da cusa kwali. Ranar da mai rigar ya fita yanga ruwa ya sauko, wuya ya kwanta kamar kunnen akuya, aka yi wata guda ana yi wa Baba dariya. Daga baya ya yanko ashasha, ya sa a tsakiya, ya bi ta da ƙananan ɗinki layi-layi har ta sandare. A sallar shekarar nan, in ji shi, samarin unguwa kaf da wuya a tsaye suka je idi, ba mai iya waiwaye. Kullum ya kai ƙarshen labarin yakan ce abu ɗaya ya rage masa, bai san ko su ma Turawan haka suka yi ba.

Na ce a raina yauwa, ga gwajin da zai rufe bakin Yaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana zancen riga, ai daga nesa zai gane ta.

Ban faɗa masa inda za mu ba. Ranar Asabar da hantsi muka shiga jirgin ƙasa, cike da 'yan kallo masu fenti a fuska suna tsalle suna waƙa. Wani ya ɗaura wa Baba tutar ƙasarsu a wuya, Baba ya murza ta da yatsa biyu ya ce, "Leda ce." A tasha masu nuna hanya suna ta "yalla, yalla," wai a yi sauri, shi kuma yana tafiyarsa ta ƙasaita, hannu a kafaɗata.

Zauren nunin ba haske sosai, sai fitilu a kan kayan. Da shigarmu, ga ta nan a gaba, an sanya wa wani dogon mutum-mutumi, an ɗora shi kan ɗan dandamali an zagaye da jar igiya. Na bar Baba ya matsa.

Baba ya tsaya. Ya gyara hularsa, ya ɗan rusuna, ya ce, "Salamu alaikum."

Kafin in buɗe baki sai murya ta fito daga bayan mutum-mutumin, da Hausa raɗau: "Wa alaikumus salam, Baaba! Sannu da zuwa!"

Mai gadin wurin ne, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu, daga baya ya ce min ɗan zangon Kumasi ne. Ya ji sallama irin ta gida, bakinsa ya amsa kafin ya ga mai yin ta. Baba kuwa fuskarsa ta washe, abin da rabona da gani tun ranar da ya canza.

"A'a! Ashe namu ne! Ina gajiya? Ina iyali? Yaya zaman baƙunta? Kai, Allah ya yi maka tsawo, malam."

Wallahi dariya ta taso min har wuya. Sai na ga Baba ya miƙa hannu ta saman igiyar, yana jiran mutum-mutumi ya ba shi nasa. Dariyar ta koma ciki. Taku biyu ne tsakaninsa da rigar da ya shekara arba'in yana zancenta, fitila na haska ta, kuma bai gane ta ba. Na ji kunyar Yaya, na ji tausayin Baba, na rasa wanda ya fi yawa.

Mai gadin nan Allah ya saka masa da alheri. Kallo ɗaya ya yi mana ya gane. Ya zagayo da sauri ya kama hannun Baba da nasa biyu ya ce, "Ga ni nan, Baaba. Lafiya lau. Ka zo lafiya?"

Baba ya riƙe hannun, ya juya kai wajen muryar, ya sake juyawa wajen dogon. Sannan ya ce, "To shi wannan da ya ƙi magana fa?"

Ni na amsa, da ƙyar. "Baba, sarkin jirgi ne. Rigar ce. Ta ainihin."

Na ɗauka zai ji nauyi, ko ya yi fushi da na kawo shi ban faɗa ba. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ikon Allah! Shi ya sa ba ya amsa sallama, dama can a fim ɗin ma mai girman kai ne. Matso da ni. Faɗa min wuyan."

Na ce, "A tsaye yake."

"Na san a tsaye yake, tun ba a haife ka ba. Me ya tsayar da shi?"

Na leƙa, na karkata, na karanta ɗan allon da ke gefe. An rubuta irin yadin da sunan wanda ya zana ta, ba a ce komai kan cikin wuya ba. Na ce ba a gani. Baba ya yi tsaki ya ce dama wa ke sanin riga ta gaba? Shi a rayuwarsa bai taɓa yaba riga ba sai ya juya ta ya shafa bayan ɗinkin. Ko sabuwar riga ka sa ka je gaishe shi, kafin ya amsa ya kamo bakin hannunka ya juya. Ya ce wa mai gadi, "Malam, a ɗan tuɓe masa ita, minti ɗaya."

Mai gadi ya kama baki. "Baaba, in ka taɓa, ƙararrawa za ta yi kuka, ni kuma khalas, aiki ya ƙare, gobe ina Kumasi." Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce a can ƙarshen zaure akwai tebur da aka ajiye ƙyallaye don a taɓa, an ɗinka su daidai da na ainihin, har da wuyan rigar nan.

Muka ratsa sauran kayan, ina yi wa Baba bayani, yanzu ba ɓoye-ɓoye. Ga hulunan ƙarfe masu gilashi a gaba. Ga takalma da aka shafa wa ruwan azurfa, duk sun tsattsage. Ga bindigar da ke fitar da wuta a fim, wadda Baba ya ce saboda ita wani abokinsa ya ɓuya ƙarƙashin benci. Na duba ta da idon sana'ata na ce, "Baba, bututun famfo ne da murfin fulas, aka yi musu fenti." Ya tsaya cak ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce lallai sai ya koma ya faɗa wa mutumin nan murfin fulas ya guje wa.

A teburin na ɗora hannunsa kan wuyan. Bai ɓata lokaci a gabansa ba, ya juya shi. An bar gefe ɗaya a buɗe don a ga ciki. Ya zura babban yatsa, ya bi a hankali, leɓensa na motsi. Mai gadi ya biyo mu ya tsaya.

"Ƙyalle mai kauri a tsakiya," in ji Baba. "Ba ashasha ba ce, ta fi ta laushi, amma 'yar uwarta ce. Ga layukan. Ɗaya, biyu, uku..." Ya ƙirga har goma sha ɗaya. Ya ɗago kai. "Ashe haka suka yi. Ni tara na yi, su goma sha ɗaya. Yadinsu ya fi nawa nauyi, dole su ƙara biyu."

Ya sake bi. Can sai ya ɗaure fuska. "Mutum biyu suka yi wannan. Daga nan zuwa nan mai haƙuri ne. Daga nan kuma wani ya karɓa, yana sauri zai tafi cin abinci. Ji yadda ya ja zare. Ga ƙullinsa ma ya bari a waje, ko kunya babu."

Na sunkuya, na sa tabarau, na haska da fitilar waya. Sai da na yi da gaske na ga ƙullin, ɗan mitsitsi, daidai inda yatsansa yake. Daga wurin kuwa layukan sun ɗan fi faɗi. Mai gadi ya ce, "Kai! Baaba, kai malami ne." Wata Baturiya da ke gefe ta tambaye ni me tsohon yake cewa, na fassara mata, ta leƙa ita ma, ta kira mijinta.

Da muka fito muka zauna a wani benci a inuwa, 'yan ƙwallo na wucewa da ihunsu. Ina ta juya yadda zan fara, Baba ya riga ni.

"To, faɗi abin da Yayarka ta aiko ka da shi."

Ya ce, "Kana tsammani ban ji lokacin da ta zare makulli daga ƙusa ba? Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce tun cikin kulle. Yanzu haske da duhu yake gani, da inuwar mutum. Na ce to ɗinkin da nake gani a waya fa? Ya ce ɗinki ne mana, da me ya yi kama? Zanen yana kansa, hanyar tana yatsunsa, abu ɗaya ne ya gagare shi, kafar allura. Innarku ce, in ji shi, kullum bayan asuba take zama ta zura masa allura goma sha biyu, ta soke su a 'yar matashiya, fari a dama, shuɗi a tsakiya, ruwan toka a hagu. Ya wuni yana zara ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sani sai su biyu, ko Yaya ba ta sani ba.

"Da zan taho ta zura min talatin da shida, iya abin da matashiyar ta ɗauka. Ta ce in yi tattali. Ni kuma ban iya tattalin aiki ba, kwana uku suka ƙare."

Sai a lokacin na gane barcin azahar, na gane fushin rana ta huɗu. Mutum yana cikin gidana hannunsa na ƙaiƙayi, ni ina yawon neman goro. Na ce, "Haba Baba, me ya hana ka faɗa min?"

Ya ce, "In faɗa wa ɗan leƙen asirin Yayarsa?"

Muna isa gida ya jawo jakarsa ya fito da ƙunshi a cikin tsohon ɗankwalin Inna. Farar riga ce, aikin wuya ya kai rabi, daidai awona. Ga 'yar matashiyar, allurai a jere ba zare. Ya miƙo min ita da ƙullin zare uku, ya koma ya zauna ya naɗe hannu.

Ni da nake kwance injin da ya fi ɗakin nan girma in mayar, na zauna a bakin taga da tabarau, zare ya ƙi shiga. In na nufi kafa ya lanƙwashe, in na miƙe shi ya rabu biyu. Matata ta tsaya a ƙofa tana ƙunshe dariya. Baba ya kasa kunne ya ce, "Har yanzu ta farkon ce? Wai kuma ni ne marar ido."

Wayata ta yi ƙara, Yaya ce. Na ɗauka na ce, "Yaya, gaskiyarki, ba ya gani. Ki yafe min musun da na yi." Na ji tana jan hanci. Na ce, "Amma ki mayar da makulli ƙusarsa. A rushe dakalin nan a yi gangara, a kafa ƙarfen dafawa daga tsakar gida har zaure, ni zan turo zanen. Sauran bayani ki tambayi Inna abin da take yi bayan asuba."

Ta ce, "Inna? Me Inna ta sani a ciki?" Ashe Inna na kusa da ita. Na ji ta karɓe wayar.

"Ya faɗa maka ke nan," in ji Inna. "Sun ƙare ko? Na san ba zai yi tattali ba. Kai ne kake zurawa?"

Na ce ni ne, amma ya ƙi shiga.

Ta ce, "Yanke bakin a karkace, ka lasa, ka riƙe shi gajere. Kada ka kai zare wurin allura, allurar za ka kawo wurin zare. Fari a dama, kada ka rikita masa."

Na yi yadda ta ce, ya shige. Na soke ta a dama na ɗauki ta biyu. Ban kai ga ta uku ba na ga hannun Baba ya lallaɓo kan matashiyar, ya zare ta farkon, ya jawo rigata kan gwiwarsa.